Sawun da Na Karanta a Gonar Malam Idi

Kwandiko, ƙasar Gwaram.

Zuwa ga 'yata, mai sunan mahaifiyata, wadda nake kira Uwata.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya kai ki wurin aikinki lafiya, Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da abokan aiki masu tsoron Sa. Innarki tana gaishe ki, ko da yake ita ce za ta cusa takardar nan a jakarki, tsakanin garin kunu da man shanu.

Ranar da kika shigo gidan nan da kakin 'yan sanda, kika ce an zaɓe ki cikin waɗanda za a tura sashen binciken manyan laifuka, kin ga na tashi na nufi garke kamar wanda ya manta wani abu. Babu abin da na manta. Ban so ƙannenki su ga hawayen farin ciki a idona ba ne. Tun daga ranar duk wanda ya gaishe ni a masallaci ko a kasuwar Gwaram, kafin ya gama tambayar iyali na riga na gaya masa. Har Innarki ta ce in rage, kada baki ya kama ki. Ina ƙoƙari, amma abin ya fi ƙarfina.

Kin san sana'ar da aka san ni da ita bayan noma da kiwo. Bin sawu na gada wurin kakanki. In dabba ta ɓata ko an shiga wa mutum rumbu, daga nan har Dingaya, ni dagaci yake aika wa. Na dawo wa mutane da shanunsu ba adadi, ban kuma taɓa jin kunyar wannan aiki ba. Ina ganin naki ƙanen nawa ne, sai dai ke kin yi karatunsa, kuma a naki kuskure ɗaya yana iya kai mutum gidan yari. Shi ya sa nake so in jera miki labarin gonar Malam Idi daga farko har ƙarshe. Kin sha jin sa a gutsure, don lokacin kina ƙarama. A cikinsa na yi tuntuɓe fiye da sau ɗaya, kuma kowane tuntuɓe yana da abin da zai amfane ki.

Da kaka ne, dawa ta nuna ba a kai ga yanka ba. Da hantsi aka zo aka kira ni, wai an tsinci Malam Idi, maƙwabcinmu na gabas, kwance a gonarsa cikin jini, bai san inda kansa yake ba. Kafin in isa an riga an ɗauke shi zuwa asibiti a Birnin Kudu. Na tarar da jama'a sun cika gindin kukar da ke gefen gonar, kusa da burtalin da shanu suke bi zuwa rafi. Da suka gan ni sai suka buɗe mini hanya.

Na sunkuya na duba ƙasa. Ga jini a kan wani faffaɗan dutse. Ga sawun shanu sun bar burtali sun kutsa cikin dawa, sun karya kara, sun ci zangarniya. Ga laujen Malam Idi can cikin kara. Ga sandar makiyayi yashe kusa da dutsen. Ga kuma sawun takalmin roba, mai shi ya bar wurin a guje, don kan yatsu kawai yake taka ƙasa. Sandar kuwa na san ta. Ta Buba ce, wani saurayi daga rugar da ke hayin rafi, wanda mahaifinsa da ni kakanninmu ɗaya.

Kafin in miƙe tsaye labari ya riga ya haɗu a kaina, ya zauna daram. Ƙanen Malam Idi ya ce, “Malam Sale, me ƙasa ta ce?”

Ni kuwa na buɗe baki a gaban kowa, ina nuni da yatsa. Na ce, “Shanu sun shiga ta nan. Mai gona ya zo ya tarar da ɓarna, aka yi cacar baki, ya ɗaga lauje. Makiyayi ya riga shi, ya maka masa sanda a ka, ya faɗi nan. Yaro ya tsorata, ya yar da sanda ya gudu.”

Wani daga baya ya ce, “To, ga ɗan'uwansu ma ya faɗa.”

Uwata, wannan shi ne tuntuɓena na farko, kuma shi ya haifi sauran. Duk abin da na nuna yana nan a ƙasa, ban ƙirƙiri ko ɗaya ba. Amma zaren da na ɗinke su da shi nawa ne, daga kaina ya fito. Ƙasa ta nuna mini jini da sanda da sawu, ba ta ce mini ga wanda ya riga wani ba, ba ta kuma ce an yi faɗa ba. Idan kin isa wurin da abu ya faru, labari zai zo miki da sauri, mai kyau, wanda ya dace da komai. Ki riƙe shi a cikinki. Kada ki faɗe shi a gaban jama'a, musamman da yake kakin da ke jikinki zai ba maganarki nauyin da tawa ma ba ta da shi. Magana zarar bunu ce.

Kafin azahar samari sun fara taruwa da gora da adda, ana maganar a haye rafi a cinna wa ruga wuta. Allah Ya saka wa dagacinmu na lokacin da alheri, ya tsaya a bakin hanya da kansa, ya aika Gwaram. 'Yan sanda suka zo suka tafi da Buba, wanda aka samu ya kora shanunsa can nesa, rigarsa duk jini. Da aka ga jinin sai kowa ya ce magana ta ƙare.

Washegari wani Sufeto ya zo, Garba sunansa, siriri, mai magana a hankali kamar ba ya son tashin kowa daga barci. Ya tarar da shaidu sun yi layi a ƙofar dagaci, kowa yana ɗokin ba da labari. Abin da ya fara yi ya ba mutane haushi. Ya ce kowa ya koma gidansa, shi zai bi su ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma ya ce in raka shi don na san gidaje, amma in yi shiru.

Muka fara da Iya Tabawa, wata dattijuwa mai tsince itace, wadda ita ce babbar shaida. Wannan mata ba a taɓa kama ta da ƙarya ba. Ta ce ta ga Buba da idonta ya ɗaga sanda ya sauke a kan Malam Idi.

Sufeto ya ce, “Iya, ko za ki kai ni inda kika tsaya?”

Ta kai mu. Wurin yana da nisa, ga kuma dawa ta fi tsayin mutum a tsakani. Ya sa wani ɗan sanda ya je gindin kukar ya tsaya, ya ce mata, “Me ke hannunsa?”

Ta ƙura ido ta ce, “Sanda.” Babu komai a hannunsa.

Bai yi mata dariya ba, bai kuma ce ta yi ƙarya ba. Ya ce, “Iya, da kika dawo gida jiya, wa kika fara gaya wa, kuma me kika ce?”

Ta ce surukarta. Muka je aka tambayi surukar ita kaɗai. Ta ce, “Cewa ta yi ta hango mutum a sunkuye a gindin kuka, ya miƙe yana ɗaga hannu, ita kuma ta ɗauka mai gona ne yake korar tsuntsaye, ta yi tafiyarta.”

Sufeto ya koma wurin Iya Tabawa ya ce, “To maganar sanda fa, a ina ta shigo?”

Tsohuwa ta juyo ta dube ni. Ta ce, “Ai da na ji Malam Sale ya bayyana yadda aka yi, sai na gane abin da na gani.”

Haka muka bi sauran. Wanda ya ce ya ji ihun faɗa, ashe kukan shanu ya ji da wata murya guda. Wanda ya ce ya ga Buba ya gudu, ashe a bakin wani ya ji. Kowace hanya muka bi sai ta dawo gindin kuka, wurin da na tsaya ina nuni da yatsa. Shaidu da yawa, amma bakinsu ɗaya ne, kuma nawa ne.

Ki riƙe wannan da kyau. Hausawa suna cewa gani ya kori ji, amma na ga ranar da ji ya shiga cikin gani ya zauna, har mai shi bai san ya shiga ba. Mutumin kirki zai iya rantsuwa a kan abin da bai gani ba, zuciyarsa kuwa fes. Ki raba shaidu kafin su haɗa baki, ki nemi abin da mutum ya faɗa da farko tun labarin gari bai same shi ba, ki kuma je da ƙafarki ki tsaya inda ya ce ya tsaya. Idan kin samu ya yi kuskure kada ki wulaƙanta shi. Ko ni da Innarki har yau ba mu daidaita a kan ranar da aka haife ki ba. Ni na tuna ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ita ta ce rana ake ƙwallewa, kuma ita ce ta yi naƙudar. Dukanmu muna wurin, babu mai riba a ƙarya.

Da muka gama da mutane sai ya juyo kaina. Ya ce, “Malam Sale, ka ce da sandar aka buge shi. Ka ga jini a jikinta?”

Na ce, “Na gani, yallaɓai. A kanta, wurin kauri.”

Ya ce, “Ka tabbata?”

Na ce, “Kamar yadda nake ganin ka.”

Ya sa aka ɗauko sandar daga mota, a naɗe yadda aka ɗauke ta. Na juya ta sama da ƙasa. Babu ɗigon jini a kanta. Har yanzu da nake rubuta miki, in na rufe ido ina ganin jan nan a kan sandar, alhali na riƙe ta da hannuna na ga babu. Jinin dutse ne tunanina ya ɗauko ya shafa mata, don labarina yana bukatar sa a can. Saboda haka kada ki amince wa ƙwaƙwalwarki fiye da yadda za ki amince wa ta Iya Tabawa. Abin da kika gani ki ɗauki hotonsa, ki rubuta shi nan take yadda yake, kafin ki fara tunanin ma'anarsa.

Muka koma gonar. Jama'a sun tattake kusan komai, wannan ma laifina ne, don da na ce a ja baya da an ja. Amma akwai wani lungu bayan kukar da ƙafa ba ta kai ba. Sufeto ya tsuguna ya ce, “Ni ban iya karatun ƙasa kamar kai ba. Tambaya ɗaya gare ni. Tsakanin shanun nan da mai takalmin nan, wa ya riga taka nan?”

Na durƙusa. Ban jima ba na ga amsar. Kofaton saniya ya sauka a kan sawun gudun, ya murƙushe rabinsa. Na matsa gaba, na sake samun haka. Har ɗigon jinin da ya fantsama gefe, kofato ne a samansa. Ma'ana, lokacin da Malam Idi ya faɗi, lokacin da Buba ya ruga, shanu ba su riga sun shiga gona ba. Sun shiga ne bayan makiyayinsu ya bar su. Ɓarnar da na ce ita ta jawo faɗa, ashe ita ce ta zo ƙarshe.

Na ce, “Yallaɓai, na karanta shi daga ƙarshe zuwa farko.”

Ya ce, “To in babu faɗa, me ya kai mutum ƙasa?”

Ya ɗaga kai yana kallon kukar. Ni mai bin sawu ne, rayuwata duka ƙasa nake kallo, ranar farko ko sau ɗaya ban ɗaga kaina ba. Kin san 'yan turakun icce da ake kafawa a jikin kuka don a hau a yanko ganyen miya. Can sama, ɗaya ya karye, karayar sabuwa fara tas, ga kuma ɓawon bishiyar ya kwarzane a ƙasansa. Muka nemi guntun muka same shi cikin ciyawa. Mutum ya hau da laujensa, turke ya ci amanarsa, ya faɗo kan dutse.

Buba kuwa tun farko abin da yake faɗa ke nan, ba wanda ya saurara. Ya ce yana wucewa da shanu ya ga mutum kwance, ya yar da sanda ya tallafo kansa, nan rigarsa ta samu jini. Ya hango wata mata ya ɗaga mata hannu, ba ta kula ba. Sai ya ruga bakin titi ya tsayar da ɗan acaɓa ya ce ya kai labari gari. Da ya dawo ya ga shanunsa cikin dawa, ga mai gona cikin jini, sai ya san yadda abin zai kasance a idon mutane, ya kora su ya tsallake rafi. Sufeto ya nemo ɗan acaɓan, wani mutumin Yalwan Damai, ya ce haka ne, makiyayi ne ya tsayar da shi yana haki. Babu wanda ya tambaye shi a baya wa ya aiko shi. Likita ma ya ce raunin kan da karayar kafaɗa da kwarzanen tafin hannu sun fi kama da faɗowa.

Da na ce miki abin ya ƙare a nan da na ji daɗi, amma akwai tuntuɓe ɗaya da ya riga ya auku, kuma shi ne wanda bai gyaru ba. Tun kafin Sufeto ya zo, da yammacin ranar farko, na je Birnin Kudu dubiya. Malam Idi ya farfaɗo, yana kallon mutane kamar baƙi. Na ce, “Sannu Malam. Ka tuna abin da ya faru?”

Ya ce, “Na tuna na fita da lauje. Daga nan ban san komai ba.”

Maimakon in bar shi, sai na ce, “Ba ka tuna Buba ya zo da shanu ba? Ba ka tuna sanda ba?”

Ya ce, “Kamar haka ne.”

Kafin a sallame shi, “kamar” ta faɗi. Yana ba da labarin yadda Buba ya ɗaga sanda, har da irin kallon da ya yi masa. Na shuka abu a kan mutum mara lafiya, ya tsiro. Uwata, in kina tambaya, ki bar bakin tambayar a buɗe. Ki ce me ka gani, me ya biyo baya. Kada ki sa suna ko makami a cikin tambayarki, don mai rauni da mai tsoro da mai son ya faranta miki duk za su karɓa su mayar miki da shi a matsayin nasu. In mutum ya ce bai tuna ba, wannan ma amsa ce, ki rubuta ta haka.

Ranar Juma'a bayan an sauko, na tashi a gaban dagaci da jama'a na warware maganata da bakina, na kai masu son gani gindin kukar na nuna musu kofato a kan sawu da turken da ya karye. Wasu suka ce an saye ni, wasu suka ce jini ne ya motsa. Amma mafi yawa sun duba da idonsu sun yarda, don sun san ni. Aka saki Buba, mahaifinsa ya biya ɓarnar dawa kamar yadda aka saba, ruga ba ta ƙone ba. Da na je ba Buba haƙuri sai ya ce, “Baffa, ni ma da na ga wurin na san haka za a ce.” A cikin dukan ayyukan da na yi, tsayuwar nan ta ranar Juma'a ita ce nake ɗaga kai da ita, fiye da duk bijimin da na taɓa dawowa da shi. Ban kuma rasa sana'ata ba. Kira ma ƙaruwa ya yi.

Malam Idi ya rayu shekaru bayan haka, muna zaman lafiya. Ya je ya ga turken, ya saurari likita, yana amsa gaisuwar Buba in sun haɗu. Amma wata rana muna zaune a ƙofar gidansa, ya tsufa, sai ya ce mini, “Sale, hankalina ya yarda faɗowa na yi. Amma idona har yau yana ganin sandar.” Da wannan ya koma ga Allah. Ni na san inda ya samo ta.

Ban rubuta miki wannan don ki ji tsoron aikinki ba. Ke kin fi ni kayan aiki, kin fi ni karatu, kuma tun kina yarinya ba ki da gaggawar baki. In ƙannenki suka yi faɗa kowa ya kawo ƙara, ke ce mai cewa a bari ɗayan ma ya faɗi nasa. Na san za a matsa miki. Manya za su so a rufe magana da wuri, dangin wanda aka cuta za su so a ba su suna su riƙe, kuma suna da hakki a kanki, kada ki yi wasa da hawayensu. Akwai masu laifi na gaske, ki bi su har inda suka shiga, kada tausayi ya sa ki sassauta. Amma wanda ke tsare shi ma ɗan wani ne, kuma in kin kama wanda ba shi ba, mai laifin yana can yana yawo.

In an ƙara miki girma zan yi murna, zan kuma cika kasuwar Gwaram da labari ko Innarki ta hana. Amma ranar da zan fi alfahari da ke ita ce ranar da zan ji an tsare ki a gaban manya ana cewa ki faɗi wanda ya aikata, ke kuma kika dube su da ladabi kika ce, “Ranku ya daɗe, ban sani ba tukuna.”

Ki kula da sallarki a kan lokaci, ki ci abinci, ki riƙa kiran Innarki ko ba ki da labari. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya kare ki daga sharrin mai sharri da kuma zaluntar wanda bai ji ba bai gani ba. Allah Ya sa gaskiya ta riƙa fitowa ta hannunki, Ya dawo mana da ke lafiya. Na yafe miki duniya da lahira, Allah Ya yi miki albarka.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
Sale mai bin sawu.